Gargaɗi a kan masu tallar maganin da ke warkar da kowace cuta

Wasu 'yan damfara sun mayar da Facebook da WhatsApp da TikTok kasuwarsu, suna tallar ruwa a kwalba ko gari a ƙunshi, suna rantsuwa cewa haɗin ganye ne zalla wanda yake kawar da ciwon suga da hawan jini da ciwon daji da ƙanjamau baki ɗaya. Tsirrai suna da amfani, babu mai musu, domin maganin zazzaɓin cizon sauro na artemisinin daga wani ganye aka samo shi, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta karɓi lambar yabo ta Nobel a 2015 saboda wannan aiki. Sai dai an tace shi, an auna yawan da jiki zai ɗauka, an gwada shi a kan majinyata kafin a amince da shi, alhali kayan waɗannan mutane ba su bi ko ɗaya daga cikin matakan nan ba.

Babbar alamar ɗan damfara ita ce ya umarci majinyaci ya ajiye maganin asibiti, wai don kada ya hana nasa aiki. Wannan umarni shi ne yake kisa. Wani bincike da masanan Jami'ar Yale ta Amurka suka wallafa a 2018 ya nuna cewa masu ciwon dajin da bai bazu ba, waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara da irin waɗannan magunguna kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi. Mai ciwon suga da ya daina allurar insulin, ko mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da ya daina shan maganinsa na kullum, zai iya jin kamar lafiyarsa ƙalau na ɗan lokaci yayin da cutar take ci gaba da ɓarna a ɓoye, kuma a daidai wannan lokacin ne ake ɗaukar bidiyonsa yana shaidar cewa ya warke.

Iƙirarin ganye zalla ma sau da yawa ƙarya ce. Hukumomin kula da magunguna sun sha gano sildenafil, wato sinadarin da ke cikin ƙwayar Viagra, a cikin maganin ƙarfin maza da aka rubuta wa sunan tsirrai, wanda kan sa jinin mai shan wasu magungunan zuciya ya sauka farat ɗaya, haka kuma sun gano dexamethasone, wani maganin asibiti mai rage kumburi, a cikin maganin ciwon gaɓoɓi, wanda yake kwantar da zafi nan take amma yawan shansa yana kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya raunana ƙashi.

Mafi munin abin da na sani shi ne ruwan da ake kira MMS, wato Miracle Mineral Solution. Sinadarin sodium chlorite ne, wanda idan aka haɗa shi da ruwan tsami yake komawa sinadarin bilic mai kashe launi irin wanda ake amfani da shi a masana'antu. Masu sayar da shi suna gaya wa mutane cewa amai da gudawar da suke biyo bayan shansa alama ce ta cuta tana fita, har iyaye suka riƙa ɗura wa yara masu lalurar autism, wadda ke wahalar da yaro wajen magana da mu'amala da mutane, abin da ke sosa mini rai matuƙa. A 2023 wata kotu a Miami ta Amurka ta ɗaure wani mutum mai suna Mark Grenon da 'ya'yansa uku saboda sayar da shi, amma har yanzu ana tallarsa da wasu sunaye.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan magani, ya duba ko an rubuta abin da ke ciki, da sunan kamfani, da lambar rajista, sa'annan ya tabbatar da lambar a wajen hukumar magunguna ta ƙasarsa, domin ita ma ana ƙirƙirar ta jabu. Wanda kuma ya riga ya fara sha, kada kunya ta hana shi ɗaukar kwalbar ya kai wa likitansa, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana sha, domin a gwada ƙodarsa da hantarsa.