Permanent da persistent: wanne ne dindindin, wanne ne naci?

Malama, kin ce a takardar asibitin ɗanki an rubuta *persistent cough*, kuma da kika duba ƙamus sai kika ga kamar kalmar 'yar'uwar *permanent* ce, har hankalinki ya tashi ko ana nufin tarin ya zo zama ke nan. Kin kuma nemi a jera miki su tare da irin su *chronic* da *perpetual* da *eternal*, a ga inda suka raba hanya.

Ki kwantar da hankalinki tukuna, Allah ya ba yaro lafiya. Likita bai ce tarin ba zai warke ba. Abin da ya rubuta shi ne tarin ya wuce lokacin da ya kamata a ce ya tafi, amma bai tafi ba. Ma'aikatan lafiya kan so a yi gwajin tarin fuka idan tari ya kai mako biyu, don haka in an ba ku takardar gwaji, ku je ku yi.

Kalmomin biyu daga Latin suka fito, kuma dukkansu da *per* suka fara, wanda ke nufin har ƙarshe. Ragowar *permanent* daga kalmar zama ta fito, ragowar *persistent* kuma daga kalmar tsayawa. Ɗaya ya zauna ne abinsa, ɗaya kuma ya tsaya ya cije. *Permanent* kamar maigida yake a gidansa, ba wanda ke jiran ranar tafiyarsa. *Persistent* kuwa baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma ne don kwana uku, ga shi wata ya zagayo, an yi habaici an yi gyaran murya, bai ɗaure kayansa ba. Duka biyun suna cikin gidan. Bambancin yana wajen abin da aka sa rai tun farko.

Shi ya sa in kina neman kishiyar *permanent*, *temporary* ce, wato wucin gadi. Hausa tana da kalmar da ta zauna daram a nan, dindindin. Katin zaɓe na dindindin da hukumar INEC ta raba gabanin zaɓen 2015 ya samu sunansa ne domin ya maye gurbin na wucin gadi da aka ba mutane lokacin rajista. Haƙoran da ke fitowa yaro bayan ya yi famfara su ne *permanent teeth*. Jami'a ta fara karatu a ginin aro, daga baya ta koma *permanent site*, mazauninta na dindindin.

To amma kada ki ɗauka dindindin ɗin Turanci na nufin har abada. Haƙoran nan suna zubewa in tsufa ya zo. Dubi kuma *Permanent Secretary*, babban sakataren ma'aikata. An kira shi haka ne saboda minista ɗan siyasa ne, yau yana nan gobe an sauke shi, shi kuwa ma'aikacin gwamnati ne da ke tarbar wannan minista ya raka wancan. Duk da sunan, a 1988 gwamnatin Babangida ta soke muƙamin ta mayar da shi Darakta-Janar, kafin a dawo da tsohon sunan bayan wasu shekaru. A 2009 kuma gwamnatin 'Yar'aduwa ta yanka musu wa'adin shekara huɗu, a sabunta sau ɗaya kawai. Mutumin da sunan muƙaminsa dindindin ne, ga shi da ranar tashi a rubuce. Haka ma kujeru biyar na dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin. Ana ce musu dindindin ne don ba a zaɓensu na shekara bibbiyu kamar sauran ƙasashe goma. Kujerar tana nan, amma mai zama a kai ya taɓa sauyawa: a 1971 gwamnatin Beijin ta karɓi kujerar Sin daga hannun gwamnatin da ke Taiwan, a 1991 kuma Rasha ta gaji ta Tarayyar Sobiyet. Ke nan kalmar tana faɗar tsari ne da niyya, ba ta yi wa kowa alkawarin gobe ba.

*Persistent* tana ɗauke da wani abu da *permanent* ba ta da shi, wato turjiya. Sai an yi tsammanin abu zai gushe, ko an yi ƙoƙarin kawar da shi ya ƙi, sannan kalmar take shigowa. Mu a nan muna cewa abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma ban san fassarar da ta fi wannan dacewa ba. Ciwon kan da aka sha magani ya lafa ya dawo, jita-jitar da aka ƙaryata amma tana ta yawo, tabon manja da aka wanke aka sake wankewa yana nan a jikin riga. Lura da wannan na ƙarshe: muddin mai wanki yana sa ran zai fita, tabon *persistent* ne. Ranar da ya haƙura ya ce ya zauna, ya zama *permanent stain*. Tabon bai canja ba, fatan mai wanki ne ya ƙare.

Likitoci sun fi kowa kula da wannan iyaka, domin a wurinsu kalma ɗaya tana iya sa iyali su ci gaba da jinya ko su sallama. A 1972 wasu likitoci biyu, Bryan Jennett na Sikotilan da Fred Plum na Amurka, suka raɗa sunan *persistent vegetative state* ga halin wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu mummunan rauni, yana buɗe ido yana barci yana farkawa, amma ba alamar ya san inda yake. A 1994 wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya ce a kira halin *persistent* in ya kai wata ɗaya, a kira shi *permanent* in ya wuce wata 3 ga wanda rauninsa ba na buguwa ba ne, ko wata 12 ga wanda ya bugu a kai. Na farko bayanin abin da ake gani ne zuwa yau, na biyu hasashe ne cewa ba zai dawo ba. Da aka ga wasu ƙalilan suna farfaɗowa bayan wannan wa'adi, sai a 2018 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba da shawarar a bar cewa *permanent*, a koma cewa *chronic*.

Ga *chronic* ɗin da kika tambaya ta shigo da kanta. Ita tsawon lokaci kawai take aunawa, kishiyarta *acute*, ciwon da ya zo farat ɗaya. Hawan jini da ciwon suga da sikila duk *chronic* ne, ana zaune da su ana shan magani. Ciwon hanta nau'in B yana shiga wannan aji ne in ƙwayar cutar ta wuce wata 6 a jini. Gudawar yara kuwa, in ta kai kwana 14, Hukumar Lafiya ta Duniya *persistent* take kiranta, domin abu ne da ake sa ran a tsayar. Mutane da yawa a wurinmu suna cewa ciwo ya yi *chronic* suna nufin ya yi tsanani. Ba haka ba ne. Ciwo na iya daɗewa yana da sauƙi, wani kuma ya kayar da mutum cikin yini guda.

In aka zo kan halin ɗan'adam, *permanent* ba ta da aiki. Ba a yaba wa mutum da ita. *Persistent* ce ke shiga, kuma baki biyu gare ta, daidai da naci a Hausa. Ɗalibar da ta faɗi jarrabawa ta sake zama har ta ci, mai naci ce, yabo ne. Saurayin da aka ce masa a'a yana ta sintiri a ƙofar gida, shi ma mai naci ne, amma ba wanda ke yabonsa. In yabo zalla kike so, *perseverance* za ki ɗauka, juriya da jajircewa a kan abu mai wuya. In zagi zalla ne, *stubborn* ko *obstinate*, taurin kai da kafiya. Akwai kuma *insist* da masu rubuta jarrabawa ke yawan rikitawa da *persist*: ta farko dagewa ce da baki, ta biyu ci gaba da aikatawa ne. Ƙananan kalmomin da ke bin su ma daban ne, *insist on* amma *persist in*, kuma masu tsara tambayoyi suna son wannan tarko ƙwarai.

Sauran ba su da wuya sosai. *Perpetual* ta fi zama a bakin lauyoyi. In kotu ta ba da *perpetual injunction*, hani ne na ƙarshe bayan an gama shari'a, saɓanin na wucin gadi da ake bayarwa kafin a saurari ƙara. A hirar yau da kullum kuwa ƙorafi ake yi da ita, kamar a ce wane kullum cikin mita yake. *Eternal* da *everlasting* na addini ne, su ne madawwami da har abada. Masu tsantseni suna cewa *eternal* ba farko ba ƙarshe, *everlasting* kuwa tana iya samun farko amma ba ta da ƙarshe, ko da yake yawancin Turawa ba sa rarrabe su a magana. A ganina kuskure ne mai fassara ya sa madawwami a inda aka ce *permanent*. Kalmar ta yi wa katin zaɓe nauyi.

*Durable* ita ce ƙarko, na takalmi da atamfa da bokiti, abin da ke jure amfani. *Lasting* kuma ɗorewa ce, shi ya sa 'yan jarida ke cewa zaman lafiya mai ɗorewa in an ce *lasting peace*.

In kuma fom ya tambaye ki *permanent address*, ba gidan hayar da kike ciki bana yake nufi ba. Wannan *residential address* ne. Ki rubuta inda za a same ki ko a samu naki ko da kin tashi, wanda ga yawancinmu gidan iyaye ne a garinmu.