Na'urar auna cin wuta: sharhina bayan na gwada ta a gida

Duk mai mita ta kati ya kamata ya mallaki wannan ƙaramar na'ura. Ana cusa ta a soket, sai a jona kayan wuta a jikinta, ta nuna wat nawa yake ja da yunit nawa ya ci. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta kai farashin Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, kafin a sauko da shi zuwa 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma 209.50 a Yulin shekarar, lissafin wuta ya zama dole kamar lissafin cefane.

Lissafin ba wuya. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ka ninka wat da awoyin aiki, ka raba da 1,000, sannan ka ninka da farashin yunit.

Abin da na'urar ta nuna min ya wanke yara daga zargi. Kullum faɗa ake musu kan barin ƙwai a kunne da cajin waya, alhali ƙwan LED mai wat 9 sai ya yi awa fiye da 100 kafin ya cinye yunit guda. Fankar tsaye ta nuna wat 55. Ko ta kwana tana juyawa awa 10, rabin yunit ne da ɗan ɗoriya. Amma hitar dafa ruwa, wat 1,500! Cikin minti 40 ta lashe yunit. Dutsen guga ma ɗan uwanta ne.

Inda ta fi yi min amfani shi ne firiza. Ba a iya lissafa ta da takarda, domin injinta yana tashi yana hutawa. Na bar ta a jone yini da kwana, ta ci kusan yunit ɗaya da rabi, wato wajen naira 9,400 a wata a farashin 209.50, ban da harajin VAT na kashi 7.5 da ake cira lokacin sayen kati. Matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo su fi kowa buƙatar sanin wannan kafin su yanka farashi.

Tana da nakasu. Ba ta auna fankar sama ko AC da aka haɗa kai tsaye da wayar wuta, rubutun fuskarta ƙanana ne, ba a gani da dare. A nemi mai batiri a ciki, don in an ɗauke wuta kada lissafin ya goge, kuma kada a ɗora mata abin da ya wuce wat 3,000.