Gishiri ko sukari: da wanne yaro zai fara gwajin haɗa kiristal (ƙwayoyi masu ƙyalli da ke taruwa daga ruwan gishiri ko na sukari)?

Gishiri ba shi da rigima. Ruwa mililita 100 giram 36 kawai yake narkarwa, da zafi ko da sanyi kusan duk ɗaya. Sai ruwan ya riƙa ƙafewa sannan ƙwayoyin kiristal su kama zaren da aka rataya a cikin ruwan, ƙanana kamar akwatuna.

Sukari kuwa, ruwan nan zai sha giram 200, in ya tafasa ya sha fiye da ninkin haka. Yana hucewa sai rarar ta fara taruwa jikin tsinken da aka tsoma a ciki. Bayan mako guda ga manyan ƙwayoyi masu ƙyalli, har a tsotsa. Sai dai tafasasshen ruwan sukari mugun ƙuna gare shi, ga tururuwa. Ɗan shekara biyar dai, ni gishiri zan ba shi.