Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin Sayen Tankin Ruwan Zafi

Yawancin masu sayen tankin ruwan zafi girmansa da kyan fentinsa suke dubawa, alhali abin da ke ƙayyade tsawon ransa yana ciki, inda ido ba ya kaiwa. Duk da haka, da girman za a fara, domin shi ne kuskuren da ake ji a jiki tun ranar farko. Shawa tana zubar da kimanin lita 8 zuwa 10 a minti ɗaya, ko da yake ba duka ne daga tankin ba, tunda ana sirkawa da ruwan sanyi. Saboda haka tanki mai lita 50 kan wadatar da mutum ɗaya ko biyu, amma gidan da mutum huɗu ko biyar ke wanka a jere da safe zai fi samun kwanciyar hankali da lita 100 zuwa 150. Sai dai a tuna cewa lita 100 na ruwa kilo 100 ne, ban da nauyin tankin kansa, don haka ba kowane bango ne zai iya riƙe shi ba.

Tankin lantarki shi ne mafi sauƙin girkawa, amma yana da cin wuta da kuma jinkirin dumamawa. Ɗaga zafin lita 100 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin wutar da ta haura yunit huɗu da rabi, wato ƙarfen dumamawa mai ƙarfin kilowat 2 zai shafe fiye da awa biyu yana aiki. Hita mai dumama ruwa nan take ba ta ajiye komai, shi ya sa ba ta asarar zafi, amma takan ja kilowat 7 zuwa 10, kuma wayoyin tsofaffin gidaje ba sa jure hakan. Tanki mai amfani da iskar gas ya fi saurin dumamawa, da sharaɗin a yi masa hanyar fitar hayaƙi zuwa waje, domin hayaƙinsa na iya kisa a ɗakin da ke rufe. Na hasken rana yana da tsadar saye da arhar amfani, kuma gara a zaɓi wanda aka haɗa masa ƙarfen lantarki saboda ranakun hadari. Akwai kuma wanda ke zuƙo zafi daga iska, kamar firji da aka juya aikinsa, wanda ke cin kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar da tankin lantarki ke ci.

A ganina, tambayar da ta fi waɗannan duka muhimmanci ita ce: wane irin ruwa ne ke shiga gidanka? Yawancin tankuna da ƙarfe ake yin su, a shafe cikinsu da rufi mai kama da gilashi, kuma wannan rufin ba ya rasa 'yan tsage-tsage. Don haka ake sa wata sanda a ciki, galibi ta magniziyam, wadda ake kira anod, aikinta kawai tsatsa ta ci ta a madadin tankin. Wanda ya taɓa ganin an zaro tsohuwar sanda ya san yadda take komawa: siririyar waya ce kawai ta rage, da farin dusa manne a jikinta. Daga ranar da ta ƙare, jikin tankin ne tsatsa ke ci, har wata rana a wayi gari ruwa na ɗiga daga ƙasansa, kuma tankin da ya huje ba shi da gyara. Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi mai sayarwa ko ana iya kwance sandar cikin sauƙi, kuma ko ana samun sabuwarta. A riƙa duba ta duk shekara biyu ko uku. Tankin ƙarfen da ba ya tsatsa galibi ba ya buƙatarta, sai dai ruwa mai gishiri da yawa kan yi masa illa.

Ruwa mai zartsi kuma yana tara farin ɓawo a kan ƙarfen dumamawa da gindin tanki, irin wanda ake gani a cikin butar dafa ruwa. Alamarsa ita ce ƙara kamar ana soya tsakuwa, da jinkirin ɗaukar zafi. Maganinsa shi ne a kashe wuta, a zubar da ruwan ta famfon ƙasa sau ɗaya a shekara har ya fito garau. Kada a kuskura a mayar da wuta kafin tankin ya cika, domin ƙarfen zai ƙone nan da nan.

Batun zafi yana da fuska biyu. Ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa ciwon huhu, tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, shi ya sa ake so a ajiye tanki a kan digiri 60. Amma ruwa mai wannan zafin yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, musamman ta yara da tsofaffi, don haka gidan da suke ciki yana buƙatar bawul mai sirka ruwan kafin ya isa famfo.

Akwai kuma bawul ɗin kariya, wanda ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa. Ɗigarsa kaɗan-kaɗan lokacin dumamawa ba matsala ba ce, ruwa ne ke kumbura. Mai gyaran da ya ce zai toshe shi don ya daina ɗiga, a sallame shi a nemi wani, domin tankin da aka toshe wa wannan hanya yana iya fashewa.