Wata Takwas Da Akwatin Intanet A Kan Rufin Gidana

Fiye da shekara guda na yi ina ɗora wa rauta, wato akwatin da ke watsa waifai a gida, laifin da ba nata ba. Inda nake zaune wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa ba ta iso ba, don haka ta iska muke samun intanet, daga ƙarfen sabis zuwa gida. Na'urar da na fara da ita irin farin akwatin nan ne da ake saka wa sim a ajiye kan tebur. Da safe lafiya lau, amma da an fara kiran bidiyo sai fuskar mutum ta daskare, murya ta riƙa yankewa, ka yi ta "kana ji na?" har maganar ta fita daga ranka. Na sayi wata rautar mai ƙahoni huɗu, na ɗauka an rabu da matsala. Ko kaɗan ba ta sauya zani ba.

Abin da ban gane ba a lokacin, kuma na lura mutane da yawa ba su gane ba, shi ne intanet ɗin zango biyu yake yi kafin ya iso hannunka. Zangon farko daga ƙarfen sabis ne zuwa na'urar da ke karɓa a gidanka, ta 4G ko 5G. Na biyu daga rauta zuwa wayarka ko kwamfutarka, ta waifai. Akwatin kan tebur ayyukan biyu yake haɗawa a jikinsa, shi ya sa muke ɗaukarsu abu guda. Alamar waifai da ke cike a wayarka zango na biyu kawai take nuna maka, wato kana kusa da rauta. Ba ta san komai game da abin da ke tsakanin rautar da ƙarfen sabis ba. Ni kuwa ciwona a zangon farko yake, na je ina ta shafa magani a na biyu.

Ranar da idona ya buɗe ita ce ranar da na shiga shafin saitin na'urar. Adireshinsa yana rubuce a ƙasan akwatin, galibi wani abu ne mai kama da 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ka rubuta shi a burauza ka shiga. A can na tarar da lambobi biyu da suka fi 'yan fitilun gaban akwatin faɗin gaskiya. Ɗaya sunanta RSRP, ita ce ƙarfin sabis ɗin da ke isowa. Da alamar ragi ake rubuta ta, kuma duk wadda ta fi kusa da sifili ta fi kyau: -80 abu ya yi kyau sosai, idan ta wuce -100 an fara rauni, -110 kuwa da ƙyar ake numfashi. Ɗayar SINR, ita kuma tsabtar sabis ɗin take aunawa, wato yadda muryar ƙarfen da kake saurare ta fi hayaniyar sauran. Sama da 20 madalla, kusa da sifili kuwa kamar hira ce a tsakiyar taron da kowa ke ɗaga murya. Tawa a kan tebur -108 ce da 3.

Na ɗauko doguwar wayar wuta na riƙa yawo da akwatin ɗaki-ɗaki. A bakin tagar ɗakin baya lambar ta koma -101. Na buɗe tagar na miƙa hannuna waje da akwatin, ta ƙara gyaruwa nan take. Na rufe, ta koma. A nan na tabbatar ginin da kansa ne ke cinye mini sabis: bangon siminti mai rodi a ciki, ƙarfen taga, da rufin kwano. Shi ma sabis iri-iri ne, gwargwadon igiyar da yake tafiya a kai, wadda ake aunawa da MHz: mai ƙananan lambobi irin 700 ko 800 MHz yana ratsa bango ya yi nisa, amma hanyarsa ƙunci gare ta. Na 1800, 2600 ko 3500 MHz ya fi ɗaukar kaya, sai dai bango ɗaya ya isa ya karya masa ƙafa. A cikin ɗaki, na'urar takan maƙale wa na ƙasan ne domin shi kaɗai take ji, shi kuma kowa a kansa yake.

Daga nan na yanke shawarar sayen irin wadda ake kafawa a waje. Faffaɗan akwati ne, girmansa bai wuce babban littafi ba, sim da eriya duk suna cikinsa, ana ɗaure shi a jikin bututun ƙarfe a kan rufi a fuskantar da shi wajen ƙarfen sabis. Mai haɗawar da ya zo ya san aikinsa. Ya hau sama, ni ina ƙasa riƙe da kwamfuta ina karanto masa lambobi. Yakan juya akwatin kamar faɗin yatsa biyu, ya tsaya, ya ce, "Malam, bari ta zauna tukuna, kada ka karanta da wuri." Sai mu jira kusan rabin minti. A wata kusurwa mun sami -85, na ce ai shi ke nan a ɗaure. Ya ce in duba ɗaya lambar. SINR 9 ce kawai, domin akwai wani ƙarfen a bayan wancan da ke shigo mana da hayaniya. Ya ƙara karkatar da shi kaɗan zuwa dama, ƙarfin ya sauka zuwa -89, tsabtar ta haura 18. Nan ya ɗaure. Da na gwada sauri a wuraren biyu, na biyun ya yi wa na farkon fintinkau. Wannan darasin shi ne mafi tsada da na samu a duk harkar: tsabta ta fi ƙarfi.

Kada tazarar -108 da -89 ta yi maka kama da ƙarama. A wannan ma'aunin duk ƙarin 3 ninki biyu ne, duk ƙarin 10 ninki goma. Bambancin 19 ke nan, kusan ninki 80 na ƙarfin da nake samu a kan tebur, daga ƙarfen sabis ɗaya, da sim ɗaya, da kuɗin wata ɗaya.

Wani zai ce me ya sa ban sayi eriya kaɗai na jona wa tsohon akwatin ba. Na yi tunanin haka. Matsalar ita ce kebul ɗin eriya yana shan sabis a hanya, kuma gwargwadon tsawonsa da siririntarsa gwargwadon asarar, har abin da ka samo a rufi ya ƙare kafin ya iso falo. Ga shi kuma guda biyu ake ja, domin 4G da eriya biyu yake aiki a lokaci guda. Akwatin waje ya kauce wa wannan duka. A can sama yake juya sabis ɗin ya zama bayanai, ya sauko da shi ta kebul ɗin kwamfuta, wanda ke iya kai mita 100 ba tare da saurin ya ragu ba. Wannan kebul ɗin guda kuma shi ke hawar masa da wuta, tsarin da ake kira PoE, ta wani ɗan ƙaramin akwati da ake jonawa a soket cikin gida. Rami ɗaya a bango ya wadatar. Sai dai a kula: ba duk waɗannan ƙananan akwatunan ne ke ba da wuta iri ɗaya ba, akwai mai bolt 24, akwai mai 48, kuma wasunsu ba sa tambayar na'ura abin da take buƙata kafin su sakar mata. Idan naka ya lalace, nemi irinsa sak.

Wata takwas ke nan yanzu, kuma a gaskiya na ji daɗinsa. Kiran bidiyo ya daina daskarewa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tura kaya, ba saukewa ba: fayil ɗin da a da nakan bar shi ya kwana yana tafiya, yanzu kafin in gama wani ɗan aikin ya isa. Dalilin a fili yake, na'urar gida muryarta ƙarama ce in aka kwatanta da ta ƙarfen sabis, don haka ita bango ya fi cuta. Ruwan sama ma da nake tsoro bai taɓa tare sabis ɗin tsakanin ƙarfen da akwatin ba. Abin da na ga yana taɓa lambobin shi ne wata bishiya da ke kan hanyar, lokacin da ta cika da ganye, musamman in ya jiƙe.

Akwai abin da akwatin bai gyara ba, kuma babu akwatin da zai gyara. Daga misalin ƙarfe takwas zuwa goma sha ɗaya na dare saurin yakan faɗi, wani lokaci zuwa ƙasa da rabi, alhali lambobina na nan daram. Ƙarfen sabis rijiya ɗaya ce, duk masu waya da masu rauta na yankin daga ita suke ja. Duk wanda ya sayar maka da na'ura ya ce za ta raba ka da cunkoson dare, bai gaya maka gaskiya ba. Abin da kawai ke ɗan taimakawa shi ne ajin na'urar. Ta ajin Cat 4 hanya ɗaya take bi, iyakarta megabit 150 a kan takarda. Ta Cat 6 zuwa sama tana iya haɗa hanyoyi biyu ko fiye a lokaci guda, in ɗaya ta cushe ɗayar ta ɗauki wani nauyin. Tawa Cat 6 ce, kuma da zan sake saye, wannan ne abu na farko da zan duba a jikin kwali, tare da tabbatar da cewa tana jin irin lambobin MHz da kamfanin layina ke amfani da su.

Inda raina ya ɓaci shi ne rautar cikin gida da aka haɗo mini da ita. An yi akwatin waje mai kyau, sannan aka jingina masa rauta mai waifai na 2.4 GHz kaɗai, ramukan kebul ɗinta kuma ba sa wuce megabit 100. A ce an haƙa babbar hanya an ƙare ta da ƙofar da mutum ɗaya ke wucewa. Shi 2.4 ɗin yana da nisa, yana ratsa bango, amma cunkushe yake: rautocin maƙwabta, Bluetooth, har na'urar ɗumama abinci duk a nan suke. Tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Sai na tuna da rautata mai ƙahoni huɗu da na jefa a kabad. Na ɗauko ta na jona, ashe tana da 5 GHz, wanda bai kai 2.4 cunkoso ba, da ramuka masu gigabit, wato megabit 1000. Na mayar da ita tsakiyar gida, a sama, a fili, ba bayan talabijin ba. Kwamfutar aiki kuwa na ja mata kebul kai tsaye, kuma ina ba duk mai aiki daga gida shawarar ya yi haka.

Da na haɗa su biyun sai wata 'yar matsala ta ɓullo, akwatin waje yana raba adireshi, wato lambar da ake gane kowace waya ko kwamfuta da ita, rautar ciki ma tana rabawa, har wasu manhajoji suka riƙa ruɗewa. Na shiga saitin ta ciki na mayar da ita mai watsa waifai kawai, aka zauna lafiya. Amma kyamarar tsaro da na so in riƙa leƙawa kai tsaye daga nesa ta ƙi, domin kamfanonin layi da dama adireshi ɗaya suke raba wa kwastomomi masu yawa, tsarin da ake kira CGNAT. Babu wanda ya gaya mini wannan kafin in biya, kuma ya kamata a faɗa. Haka nan wurin da ake kulle na'ura a kan sabis guda an ɓoye shi a manhajar da suka sa mata, ga shi kuwa da dare ina ganinta tana tsallakawa zuwa wanda ya fi cushewa ba ni da ikon hana ta. Kayan da mutum ya saya da kuɗinsa bai kamata a ɗaure masa hannu a kansa haka ba.

Batun tsaro ba zan ja shi ba. Kalmar sirrin shafin saiti da ta zo da na'urar irin wadda kowa zai iya cinka ce, na sauya ta a ranar farko, tare da ta waifai. A tsarin kulle waifai na zaɓi WPA2, wanda ke nan tun 2004, domin wasu tsofaffin wayoyin gidan ba su san WPA3 na 2018 ba. Na kuma kashe WPS, tsarin jona waifai da gajeriyar lamba, wanda tun 2011 aka gano ana iya fasa lambarsa.

Sau ɗaya intanet ɗin ya taɓa mutuwa gaba ɗaya, a wata na biyar. Da na duba ɗan akwatin wutar sai na ga bakin kebul ɗin ya yi kore, da danshi a ciki. Ruwa ne ya bi jikin kebul ɗin tun daga rufi ya gangaro ta ramin bango har cikin ɗaki. Kebul ɗin cikin gida aka sa mana a waje, rana ta busar da fatarsa ta tsattsage, kuma an ja shi a miƙe ba a bar masa ɗan lanƙwasa a ƙasan ramin ba inda ruwa zai ɗige kafin ya shiga. Muka sauya da na waje mai baƙar fata, aka yi lanƙwasar, aka toshe ramin, aka kuma haɗa bututun ƙarfen da ƙasa saboda tsawa, abin da ya kamata a yi tun farko. Akwatin kansa da aka buɗe murfinsa a bushe yake ƙamas.

Idan lambobinka a cikin ɗaki sun kai -90 da tsabta sama da 13, ba ka buƙatar hawa rufi, matsar da akwatinka bakin taga ka gyara waifai ɗinka. Idan kuwa irin nawa ne, ƙasa da -100 da tsabtar da ba ta kai 5 ba, kuma kana ganin lambar ta gyaru da zarar ka miƙa na'urar waje, to akwatin waje zai yi maka aiki. Kafin ka kira mai haɗawa, ka gwada sim ɗin kamfani fiye da ɗaya a wayarka daga wuri mafi tsayi a gidan, sau ɗaya da safe, sau ɗaya da ƙarfe tara na dare, ka rubuta abin da ka gani. Ranar haɗawa kuma ka tsaya a ƙasa da shafin saiti a buɗe, kada a ɗaure ƙusa ta ƙarshe sai ka ga SINR da idonka.