Wace fassarar Turanci ta labarin Sarkin Birai ya kamata a saya?

Duk wanda ya yi niyyar sayen shahararren labarin ƙasar Sin da Turawa suka sani da suna Journey to the West zai tarar da fassarori da dama a kasuwa, kuma sun sha bamban ƙwarai, har mutum biyu kan ce sun karanta littafi ɗaya alhali abin da ke hannun kowannensu daban ne. Asalin littafin babi 100 ne, ana danganta shi ga Wu Cheng'en, an kuma gina shi a kan tafiyar da malamin addinin Buddha, Xuanzang, ya yi zuwa Indiya a ƙarni na 7 domin ɗauko littattafai; a cikin labarin, Sarkin Birai da wasu abokan tafiya ne ke yi wa malamin rakiya.

Fassarar da ta fara shigar da labarin gidajen masu karatu a Ingila da Amurka ita ce ta Arthur Waley, wadda ta fito a 1942 da suna Monkey. Turancinta yana da daɗi, ba ya gajiyarwa, sai dai babi 30 kacal Waley ya ɗauka, ya kuma zubar da mafi yawan waƙoƙin da ke ciki. Wannan ne ya sa aka daɗe ana kallon littafin a ƙasashen Turawa a matsayin tatsuniyar wani hatsabibin biri, aka manta cewa marubucin ya cusa zurfin tunanin addini da sukar masu mulki a ƙarƙashin barkwancin.

Anthony Yu na Jami'ar Chicago ya gyara wannan giɓi. Fassararsa ta fito a mujalladi huɗu tsakanin 1977 da 1983, aka sake bitarta a 2012, kuma bai bar babi ko waƙa ba, ga doguwar gabatarwa da bayanai masu warware kalmomin addinin Buddha da na Tao. A ganina ita ce ta fi girmama asalin aikin, kuma ina jin takaici idan na ji ana cewa ta yi nauyi, domin nauyin na littafin ne, ba na mai fassara ba. Amma gaskiya tana bukatar haƙuri da aljihu, tunda kuɗin mujalladi huɗu ba ƙarami ba ne. Akwai kuma cikakkiyar fassarar W. J. F. Jenner da aka buga a Beijing a shekarun 1980, mai sauƙin harshe da ƙarancin bayanai.

Ta baya-bayan nan ita ce Monkey King ta Julia Lovell, wadda kamfanin buga littattafai na Penguin ya fitar a 2021. Ita ma taƙaitawa ce, amma da Turancin zamani, kuma ta fito da barkwancin sosai. Wanda bai taɓa karanta labarin ba, ina ba shi shawara ya fara da ita, idan ya ji ƙishirwar ƙari sai ya nemi ta Yu.

Kafin a biya kuɗi, musamman a shagunan intanet, a duba sunan mai fassarar a bangon littafin, a kuma tabbatar ko mujalladi ɗaya ake sayarwa ko dukkan jerin, domin wanda ya sayi mujalladin farko na Yu kaɗai babi 25 zai samu, ya rabu da matafiyan tun ba su yi nisa ba.