Kotu ko Sulhu, Idan Aure Ya Mutu

A kotu alƙali ne mai yanke hukunci, kuma dole a bi. Amma kafin nan an sha ɗage zama, wata na bin wata, kuɗin lauya na ƙaruwa, yara ba su san gidan da za su zauna ba.

Mai shiga tsakani kuwa ba ya yanke hukunci. Zaunar da su biyun yake yi, asiri a rufe, su tsara da bakinsu: wa zai riƙe yara, nawa ne kuɗin ciyarwa, yaushe ne ziyara. Sannan a kai yarjejeniyar kotu ta tabbatar.

Ni sulhu na fi so. Amma inda ake duka, matar da jikinta ke rawa ba ta iya faɗin abin da take so a gaban mijin. Wannan sai kotu.